Ƙafar Zulaihatu

Ina tallafe da kan Malam Nata'ala, ina ɗiga masa ruwa da ludayi, muka ji tsayawar babur a ƙofar gida. Babur ɗaya ne a garinmu, na Audi malamin asibiti, wanda ya saya shekarar da kuɗin fetur suka fara kwarara aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Sai ga sallama. Mai gari ya shigo, liman na biye, Audi a bayansu cikin farar riga sai ka ce mutumin kirki.

Nata'ala maƙwabcina ne, katanga ce kawai ta raba mu a ƙauyenmu da ke tsakanin Kankara da Faskari. Bara da damina 'yarsa Zulaihatu ta yi zazzaɓi, ya goya ta zuwa sabon ɗakin shan magani da gwamnati ta gina mana. Audi ya riga ya sha ya yi tatil tun da hantsi. Ya soka mata allura inda ba a sokawa. Zazzaɓi ya tafi, ƙafar dama ta shanye.

Kowa ya san Audi yana sha, kowa kuma ya ce ƙaddara ce, ban da Nata'ala. Ya hau mota har Kaduna, ya kai ƙara wurin hukumar da ke ba irin su Audi izinin taɓa jikin mutane. Suka ce za su turo masu bincike. Daga ranar gari ya juya masa baya, wai zai sa a ɗauke mana malamin asibiti mu koma ba mu da kowa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi kuwa, ya rantse allurar Audi ba za ta shiga jikinsa ba.

Liman ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Malam Nata'ala, ga ɗan'uwanka Musulmi ya taho neman gafara. Ba a zuwa gaban Allah da ƙulli cikin zuciya."

Audi ya durƙusa. Ya cika baki da goro, amma goron bai rufe warin giya ba.

"Malam, don Allah don Annabi ka yahe mani," in ji shi.

Nata'ala ya dubi bakin ƙofa, inda Zulaihatu ke tsaye ta dogara da sandarta. Sannan ya ce, "Abin da ka yi mani ni, na yahe."

"Alhamdu lillahi!" Mai gari ya yi wuf ya ɗaga hannu. "Kun dai ji, kun shaida. A yi Fatiha."

Suna shafawa Nata'ala ya damƙi hannun rigata, ya tattaro sauran numfashinsa. "Amma ƙahwar Zulai ba tawa ba ce. Ba ni da ikon yahe ta. Haka ɗiyan mutane da za a kai mashi gobe."

Wallahi sun ji. Liman ya sunkuyar da kai yana laluben takalminsa, mai gari ya yi tari, suka fita. Bayan la'asar Nata'ala ya cika. Audi har da shi a masu ɗaukar makara, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ganin kafaɗarsa a ƙarƙashin maƙwabcina ba.

Masu binciken ba su iso ba sai bayan sadakar arba'in. Mutum biyu ne cikin motar gwamnati. Aka shimfiɗa musu darduma a ƙofar mai gari, aka yanka kaji. Mai gari da liman suka ba da shaida cewa mamaci ya yafe da bakinsa. Na miƙe ba wanda ya kira ni, na faɗi sauran maganar yadda ta fito.

Babban cikinsu ya saurare ni yana goge maiƙo a yatsunsa. "Baba, mun ji. Amma mai ƙara ya rasu, manyan gari kuma sun ce ya yafe. Me ya rage?"

"Ƙahwar ta rage," na ce. "Ga gidan nan kusa, ku taho ku gani da idonku."

"Yarinya ba ta kai ƙara," in ji shi, ya dubi agogonsa. Suna son su kai Funtuwa kafin rana ta faɗi.

Cikin makon nan ɗan autana ya kwana da zazzaɓi. Da na dawo daga gona da hantsi ban tarar da uwarsa Saudatu a gida ba. Na same ta a layin mata a barandar ɗakin shan magani, goye da yaron, ta ƙi haɗa ido da ni. Babur na jingine a inuwa. Zulaihatu ta riga ta wuce zuwa rijiya, ga sawunta nan a yashi daf da layin: tafin ƙafa ɗaya, ramin sanda, da dogon jan da ɗayar ta bari.