Rariyar Jinjiri

"Ajiye makarar nan, Maude. Ta Musulmi ce."

Badamasi dillalin hatsi ne ya faɗa, ya tokare ƙofar masallacin unguwa da hannu. Maude tela ya riga ya saɓa makarar a kafaɗa, ga kuma karan dawa a hannunsa, wanda ya auna tsawon gawar da shi don masu haƙar kabari.

"Jinjiri mahauci ne fa ya rasu," in ji Maude.

"Na ji. Shi ya sa na ce ka ajiye."

Duk faɗin Batsari babu wanda ya ƙi jinin Jinjiri mahauci kamar Maude. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma rariyar Jinjiri a ƙofar shagon Maude take amayar da ruwanta. Kullum wurin a jiƙe, mai kawo ɗinki sai ya tattare riga ya tsallaka. Maude ya yi zagi, ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya toshe bakin rariyar da tsumma, Jinjiri ya sa sanda ya zunguro tsumman. Rabon da su gaisa har Maude ya manta.

Sauran mutanen unguwa kuwa wani dalilin ne ya sa suka juya masa baya. Shekarun baya an kama Jinjiri da warin giya a baki, aka gurfanar da shi gaban alƙalin kotun shari'a. Bulala tamanin ke jiransa a bainar jama'a, ga shi magidanci mai surukai. Wani mai yawo a harabar kotu ya raɗa masa cewa dokar nan Musulmi kaɗai take hawa. Da alƙali ya tambaye shi addininsa, sai Jinjiri ya sunkuyar da kai ya ce shi ba Musulmi ba ne. Alƙali ya sake tambaya, ya maimaita. Alƙali ya ce dokar ƙasa ta bar wa kowa addininsa, shi ba shi da hurumin tilasta shi, ya tura shi kotun majistare, can aka ci shi tara ya dawo gida da bayansa lafiya lau.

Wawan mutum, ya ɗauka magana ta ƙare a kotu. Kafin kasuwa ta zagayo kowa ya ji. Aka ce yankansa mushe ne, naman ya kwana a kan tebur ƙudaje na bi. Dangin matarsa suka zo daga Yasore suka kwashe ta, suka ce aure ya warware. Da ya shiga masallaci, na damansa da na hagunsa suka ja da baya suka bar shi tsaye shi kaɗai a sahu. Bai sake zuwa ba. Taurin kai ya hana shi roƙo, tsoron bulala ya hana shi komawa gaban alƙali. Yayarsa Fanta, wadda mijinta ya rasu, ita ce ta dawo gidan tana yi masa tuwo.

Mutane suka fara taruwa a ƙofar masallacin. Liman, Malam Zaharaddeen, ya fito daga zaurensa yana gyara rawani. Matashi ne da ya gaji limancin wurin mahaifinsa, karatu kam akwai shi, sai dai kafin ya buɗe baki yakan fara duba fuskokin mutane.

"Allah gafarta Malam," in ji Maude, "gawa na kwance tun hantsi. A zo a yi mashi sallah."

"Malam Maude, al'amarin ba sauƙi. Mutumin nan da bakinshi ya fita, gaban alƙali."

"Tsoro ne ya sa shi. Kowa nan ya san tsoro ne."

"Ko da wasa aka faɗe ta, kalmar tana da nauyi. Akwai wanda ya shaida ya dawo?"

Maude ya ji zuciyarsa na tafasa, don shaidar da yake da ita, ita ce abin da ya fi tsana a duniya.

"Ni na shaida. Ruwan da ke ɓata mani ƙofar shago, kun ɗauka na wanki ne? Na alwala ne. Ladan zai kira sallah, ruwan ya gangaro. Azahar, la'asar, magariba, bai taɓa fashi ba. Ina jin kabbararshi ta bayan katanga. Na yau da asuba ma yana nan bai bushe ba, ku zo ku gani."

Badamasi ya yi dariya. "Yau kuma rariya za mu kira shaida?"

"Kai dai ka yi shiru, Badamasi. Ranar da aka kama shi, ba shi kaɗai ne a ɗakin nan ba. Wani ta taga ya fita."

Fuskar Badamasi ta canza, amma bai janye hannunsa daga ƙofar ba. Wani daga baya ya ce idan aka kai Jinjiri maƙabarta, shi zai tono mahaifinsa ya sauya masa wuri. Wani ya ce ai gwamnatin da ta ba shi 'yancin fita, sai ta zo ta yi masa sallah. Aka yi guna-guni na yarda.

Liman ya dubi taron, sannan ya dubi ƙasa. "A bainar jama'a ya faɗa, a bainar jama'a ya kamata ya janye. Ba zan raba kan unguwa a kan gawa ba."

"To ina za mu kai shi?"

"Yana da gona a hanyar Runka," in ji Badamasi.

Kowa ya san gonar, kowa kuma ya san ko mai ita ya daina zuwa saboda mutanen daji masu satar mutane. Maude ya sauke makarar, ya jefar da ita a gaban Badamasi har ƙura ta tashi. Yana juyawa liman ya biyo shi kamar mai wucewa, ya rage murya.

"Kabbara huɗu ce, babu ruku'u babu sujada. Ka tsaya daidai tsakiyarshi."

"Na sani," in ji Maude, bai ko waiwayo ba. A ransa ya fi jin haushin wannan raɗa fiye da dariyar Badamasi.

Ya sami Fanta zaune a bakin ɗaki, ta daina kuka, idanunta sun kumbura. Da ta ga ya shigo babu makara babu mutane, ba ta tambayi komai ba.

"Inna Fanta, sun ƙi."

"Na san za su ƙi." Ta nuna bayan gida da haɓa, inda Jinjiri yake ɗaure dabbobi lokacin da yake yanka. "A rufe shi nan. Gidanshi ne, ba mai korar shi."

Maude ya koma shago ya yanko farin yadi. Ya wanke gawar shi kaɗai, Fanta na miƙo ruwa ta bayan labule. Bai taɓa zaton mutumin ya rame haka ba. Har a lokacin bai daina mita ba, yana cuɗa yana faɗa a hankali: "Ka ga abin da ka jawo? Da ka tsaya an yi maka bulalar, da tuni ta warke."

Ya shimfiɗa karan dawar a gindin katangar da ta raba su, ya ja layi, ya kama haƙa. Ƙasar da tauri, shi kuma hannun allura gare shi, kafin ramin ya kai ƙugu tafukansa sun yi bororo sun fashe. Yana jin mutane na wucewa a lungu, wasu na rage tafiya a ƙofar gidan, babu wanda ya yi sallama.

Ya tsaya ya fuskanci gabas, gawar na gabansa a kan tabarma. Bai taɓa yi wa kowa limanci ba, amma ya ɗaga hannu ya yi kabbarar farko. Fanta ce kaɗai a bayansa. Su biyu suka kama tabarmar suka sauke shi, ya jera itace, ya toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya mayar da sauran.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Waɗanda suka saba zama a bencinsa ba su zo ba. Da ladan ya kira azahar, sai Maude ya tsayar da keken ɗinki, ya ɗauki tsintsiyar da yake kore ruwa da ita, ya fito yana haɗa zagin da zai yi. Ya tsaya a bakin rariyar. Ƙasar wurin ta bushe har ta fara tsagewa, wata kaza tana tono a ciki. Ya daɗe tsaye da tsintsiyar a hannu, har aka tayar da sallah.