Kwali Arba'in a Shagon Oga Nwabueze

A shagon Oga Nwabueze da ke Tudun Wada ana sayar da abincin kaji da magungunansu. A kan kanta akwai babban gwangwanin madara. Duk ma'aikacin da ya iso da safe, a ciki yake jefa wayarsa, sai an tashi ake buɗewa.

Oga yakan ce, "Ban ɗauke ku aikin kallon rawa ba."

Ranar Talata da hantsi mota ta sauke kwali arba'in na 'yan tsaki, jiya aka ƙyanƙyashe su. Alhajin da ya yi odar ya ce iska ta yaye rufin gidan gonarsa, ba shi da inda zai zuba su. Ya kashe waya.

Shagon ba fili, ga zafi. Kafin azahar 'yan tsakin sun fara sakin baki, kukansu ya ragu. Muntaka mai ɗaukar buhu ya tsamo matattu tara. Oga ya kira duk manyan masu kiwon da ya sani. Babu wanda ya shirya ɗaki.

Lauratu mai auna magani ta tsaya a gaban kanta.

"Oga, a ba ni wayata."

"Kaji na mutuwa, ke kuma hira kike so?"

"Sallah saura wata biyu. Matan cikin gida kowacce na neman ashirin ko talatin ta kiwata. Ba sa zuwa shago. Suna guruf."

"Wane guruf?"

"Wanda ka kama ni ina saurare a bayan buhuna, ka ce saura kora."

Oga ya dubi kwalayen. Ya buɗe gwangwanin.

Lauratu ta ɗauki bidiyon kwali ɗaya, ta tura saƙon murya: ga 'yan tsaki, ga kwatance, yau kawai.

Ba a daɗe ba mai keke ya leƙo.

"Nan ne wajen Lauratu mai 'yan tsaki?"

"Shagona ne," in ji Oga.

"Ni dai Lauratu aka ce. Hajiya Jannatu ta Gyallesu na son talatin, masu kuzari."

Bayansa wani keken, sai ɗan acaɓa da kwando, sai wata tsohuwa da kwandon wanki. Oga ya zazzage wa sauran ma'aikata wayoyinsu.

"Ku ma ku tura wa naku."

Bayan la'asar kwali ɗaya ya rage, mata biyu na rigima a kansa ta waya. Lauratu ta raba musu biyu.

Washegari ta iso, ta miƙa hannu za ta jefa wayar a gwangwani. Oga ya janye shi.

"In sun tambayi ranar rigakafi, ni zan amsa musu?"

Ya miƙa wa Muntaka gwangwanin.

"Kaɗan-kaɗan za su riƙa sayen abinci. Ka riƙa auna musu da wannan."