Turare a Ƙarƙashin Murfi

Malam Uwaisu ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran tsofaffin kayan katako a wani shago a unguwar Plumstead, can ƙasar Turawa. Bana hannunsa ya fara rawa. Katung, mai shagon, bai ɓoye masa komai ba.

"Baba, teburin nan shi ne gwajinka. In ya fito daidai, bencin aikinka na nan. In bai fito ba, sai ka je gida ka huta."

"In huta? Ni da na koya maka riƙe zarto kana yanke yatsa?"

"Shi ya sa ban yi sacking ɗinka tun bara ba."

Teburin rubutu ne na Faransa, ya haura shekara ɗari biyu, wata Baturiya ta gada ta kawo gyara. A jikin murfinsa akwai ganyaye da wata tsuntsuwa, amma ba fenti ba ne. Yankan katako ne kala-kala, sirara kamar farce, aka jera su ɗaya bayan ɗaya. Inda ake son inuwa, sai a tsoma gefen yankan cikin yashi mai zafi har ya yi duhu. Uwaisu kan daɗe yana kallon tsuntsuwar. Yatsu shida gare ta a ƙafar hagu. Yakan ce ko Bafaranshen da ya yi ta ya taɓa ganin irinta a mafarki ne.

Ganye goma sha bakwai ne suka ɓantale. Ba ya son Katung ya tsaya a kansa yana kallon hannunsa, don haka ran Alhamis ya kwance murfin, ya naɗe shi cikin bargo, ya kai gida bai gaya wa kowa ba.

Gam irin na da ya dafa, na fata da ƙashi, don da shi aka haɗa teburin tun farko. Zafi ke narkar da shi, sanyi ya ɗaure shi. Sai dai wari gare shi kamar majema.

"Malam, mushe ka shigo mana da shi?" in ji matarsa Hansai, ta toshe hanci da mayafi. "Ran Lahadi matan islamiyya za su zo flat ɗin nan fa."

"Hajiya, tebura na masu sarauta ma da wannan warin aka yi su."

"To su sarakunan ba su da maƙwabta."

Kwana uku yana yanka yana mannawa, yana riƙe hannun dama da na hagu. Lahadi da hantsi ya manna ganye na ƙarshe. Ya kife murfin a kan kujeru biyu a ƙaramin ɗaki don ya huce, ya tafi masallaci.

Hansai ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta. A falo alarm ɗin gobara da hukuma ta saka na ihu da zarar ya ji hayaƙi, sai ta kai kaskon ƙaramin ɗaki. Ta tura shi ƙarƙashin murfin, inda warin ya fi ƙarfi, ta ja ƙofa.

Tun daga matattakala Uwaisu ya ji ƙamshi. Da ya juya murfin, ganyayen sun nannaɗe. Wasu sun faɗa cikin garwashi sun zama toka. Ƙirjin tsuntsuwar ya yi baƙi ƙirin.

"Malam, wari kawai na kora," in ji Hansai daga bakin ƙofa. Muryarta ta yi ƙasa.

"Je ki, baƙinki na jira."

Litinin ya kai murfin shago a bas, ya buɗe bargon a gaban Katung. Katung ya sunkuya ya shinshina.

"Baba, turare nake ji."

"Ni na fitar da shi daga shago."

Katung ya shafa kusurwar da wuta ba ta kai ba. Ganye huɗu suka rage a nan, lafiya lau.

"Waɗanne ne naka a cikinsu?"

"Uku."

Katung ya ɗauko madubin ƙara girma ya duba, ya sake dubawa, bai iya bambance su da na asalin ba. Sannan ya ɗauki waya yana neman lambar Baturiyar.

"Ka bar makullin shago a kan benci, Baba, ka je gida ka huta."