Eskul ɗin Marleny

Sau uku Malama Herminia ta saurari saƙon muryar, sau uku tana taɓe baki. Pupusar da ta sayo don karin kumallo, wainar masara irin ta ƙasarsu, har ta huce a kan tebur.

Shekararta ashirin da biyu tana koyar da Turanci a Santa Ana, ta san bakin mutanenta kamar yunwar cikinta. Wanda ya sha Sifaniyanci a nono ba ya iya cewa "skul" ko "stop" kai tsaye, sai ya jingina musu "e" a gaba: eskul, estop. Ita kanta in ta gaji haka take faɗa. To ga Marleny ta bencin baya, wadda ta fi kowa tuntuɓe a aji, ta aiko da jarrabawar baka tiryan-tiryan, ba gargada. Wa za a raina wa hankali?

Kamfanin amsa waya da ɗaliban ke neman aiki a cikinsa ba ya ɗaukar ɗalibi sai da sa hannun malama. In ta rubuta "maguɗi", aikin ya tafi, ga Marleny da 'ya'ya biyu. Ta sa aka kira ta.

"Zauna, 'yar nan. Wa kika ɗauko ta yi miki magana?"

"Ni ce, Malama."

"Ke? Haba, Marleny, furfurar nan ba ta ado ba ce." Ta tura mata littafi. "Karanta in ji."

Marleny ta tashi ta rufe ƙofa tukuna, sannan ta karanta. Muryar saƙon ce sak.

"A ina kika samo wannan bakin?"

"Ina 'yar shekara huɗu aka kai ni Amurka. Bara aka dawo da ni, da ankwa a hannu. Rashin takardu ne kawai, na rantse. Amma kin san unguwarmu, duk wanda aka koro ɗan daba ne. Matar da nake haya a gidanta cewa take ba ta ba korarre ɗaki. Shi ya sa nake zama a baya, ina koyon yadda kuke faɗa, don kada a gane ni."

"Wato wata shidan nan, e ɗin nan a bakina kika ɗauka?"

"Kin iya koyarwa, Malama."

Kunya ta rufe Herminia, haushi ya biyo baya. Ta saci kallon hannayen Marleny, ko za ta ga zanen jiki irin na 'yan daba. Rigar mai dogon hannu ce. Rashin takardu kawai? Oho. Ta daɗe riƙe da alƙalami, sannan ta sa hannu.

Da Marleny ta buɗe ƙofa, ɗalibai uku na tsaye sun kasa kunne. Ta juyo, ta ɗaga murya.

"Na gode, Malama. Sai gobe a eskul."

Malama ta buɗe baki za ta gyara mata, kamar kullum. Sai ta rufe.