Idon Hagu na Yaya Ovide

Duk wanda ya taɓa zama a bukkar farauta da yayana Ovide Abshire ya san ba mai iya kiran agwagin daji kamarsa. Zai busa ɗan usur ɗinsa, garke guda ya karyo daga sama ya nufo gonar shinkafarmu kamar an aiko su. Sai ya ɗaga bindiga ya harba, su wuce lafiya lau. A garinmu Gueydan har cewa ake yi agwagwar da ke son tsawon rai ta bi ta gaban Ovide.

Shi a wurinsa laifin bindiga ne. Tsohuwa ce ta mahaifinmu, irin wadda sai ka ja hannunta baya ka tura gaba kafin harsashi na biyu ya shiga. Da aka gama girbi aka sakar wa gonaki ruwa, ya ce in raka shi shagon Eulalie Primeaux ya sayi mai loda kanta.

Eulalie ajinsu ɗaya da Ovide a makaranta, saboda haka ba ta raga masa. Ta ɗora bindigogi biyu a kan kanta.

"Wannan da hayaƙin harbin take loda kanta," in ji ta. "Ba ta dukan kafaɗa, amma tana son wanka kamar amarya. Wannan kuwa da bugun da take yi baya take aiki. Ko ta faɗa taɓo, girgiza ta ka ci gaba. Sai dai za ka ji ta a ƙashi."

Ovide ya sa ta kwance ta farko, ya leƙa 'yan hudojin da hayaƙin ke bi, ya yi ta tambaya har wani mai sayen takalmin ruwa ya gaji ya fita. Daga nan ta ce ya ɗaga ta ya auna busasshiyar dinyar daji, tsuntsuwar da aka rataye a bango don ado. Ya ɗaga. Ta tsaya tana kallonsa.

"Ovide, me ya sa kake kwantar da kai haka kamar mai leƙen rijiya?"

"Haka nake yi tun ina yaro."

"Ajiye bindigar. Miƙa hannuwanka, ka haɗa su, ka bar ɗan rami a tsakani. To, kalli hancina ta ramin."

Ya kalla. Ta tsaya can nesa, ta yi 'yar dariya.

"Idonka na hagu nake gani. Kowa yana da ido ɗaya da ke jan ragama, naka na hagu ne. Bindiga tana kafaɗar dama, idon da ke ganin agwagwa yana can ɗaya gefen."

"Wato shekara arba'in, Yaya, maƙwabciyar agwagwa kake harbi," na ce.

Na ɗauka zai ji haushi. Ko kallona bai yi ba. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, yana kallon yadda dinyar ke tsalle daga ramin hannunsa. Ya sa ni ma na gwada, nawa na dama ne. Eulalie ta ce hanya biyu ce: ko ya manna ɗan tef a gilashin tabaraunsa na hagu, ko ya koma harbi da kafaɗar hagu. In hagun ne, akwai wadda ake yi wa bahagwai, tana watsa kwanson harsashi ta hagu don kada ya bi ta gaban fuska, amma sai an aiko da ita.

Bai sayi komai ba ranar. A mota ya ce, "Rayford, mutum yana zuwa duniya da hannu daban, ido daban?"

"Ni na sani? Tambayi likita."

Maimakon likita sai ya juya kan motar zuwa gidan Goggo Zélie, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura tamanin. Mun same ta a baranda tana ɓare jatan lande. Ovide ya ba ta labari tun daga dinyar bango.

"To ai kai bahago ne," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Da hagu ka fara ɗaukar cokali. Ubanku ya ce ba ya da kuɗin sayen kayan aiki iri biyu a gona. Sai a zura maka safa a hannun hagu in za a ci abinci. Ka yi kuka na ɗan lokaci, ka saba."

"Ba wanda ya taɓa faɗa mini, Goggo."

"Ka taɓa tambaya?"

Ovide ya zauna ya juya hannunsa na hagu yana dubawa, ciki da baya. Can ya ɗauki jatan lande ɗaya ya ɓare da shi. Ya fita tsaf.

Ta bahagwai ya sa aka aiko masa, mai aiki da hayaƙi, domin a cewarsa kafaɗar hagu ba ta taɓa shan duka ba, bai kamata a fara mata da mugunta ba. Kafin buɗe farauta kullum da yamma yana bayan rumbu, ina jefa masa faifan yumɓu sama. Da fari ko kunamar bindigar ba ya samu da yatsa. Sannu a hankali faya-fayan suka fara fashewa, ba duka ba, amma suna fashewa.

Ranar buɗewa muka shiga bukka da asuba, na zauna a hagunsa kamar yadda na saba tun muna samari. Ya busa usur, agwagi suka karyo. Ya harba, ɗaya ta naɗe fukafukai ta faɗo cikin ruwa. Ni kuwa kwanso mai zafi ya daki kunnena ya zurma cikin wuyan rigata.

Ina tsalle ina kakkaɓe riga, shi yana tsaye yana kallon inda ta faɗa, karenmu na iyo zuwa wurin.

"Inda na kalla, nan ta tafi," ya ce a hankali. "Ku haka kuke gani duk shekarun nan?"

"Haka muke gani. Zo mu canja wuri, Yaya, kafin ka gasa ni."

Muka canja. Ragowar safiyar ya kuskure huɗu, ya samu biyu, kuma kowane kuskure sai ya tsaya ya tambaye ni ta gaba ya bi ko ta baya.