Harimin rijiyar gabas

Da rijiyar gabas ta fara ƙafewa, magina suka zo daga Guci suka ƙara mata zurfi har gaba huɗu. Kowa ya yi murna ban da Hamisu, don rijiya in ta ƙara zurfi igiya ma sai ta ƙara tsawo. Takarkarin da ke jan guga yana tafiya ne har sai gugan ya fito. Da can a bakin gonarsu yake tsayawa ya juyo. Yanzu kuwa sai ya kutsa cikin gyaɗar da ta fara rufe ƙasa.

Gonar ta gado ce, tsakaninsa da wansa Malam Mahdi, kuma wannan gefen na wajen rijiya shi ne mai taki, shi ke ciyar da gidajen biyu. Da Hamisu ya tare Sule mai shanu da sanda, sai mai gari ya ce a taru ran Asabar, Malam ya faɗi abin da littafi ya ce. Duk garin ba mai iya buɗe littattafan fikihu sai shi.

Ran Juma'a bayan la'asar Hamisu ya same shi a zaure.

"Yaya, na taɓa jin ka ce rijiya tana da filin zira'i arba'in kewaye da ita. Na auna da hannuna. Arba'in daidai bakin gonarmu ta tsaya."

"Ka auna da wannan guntun hannun naka?" in ji Malam, yana murmushi.

"Ni dai faɗi arba'in ka yi shiru. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ba ƙarya ba ce," in ji Malam.

Abin da ya hana Hamisu sukuni ke nan. In mutum ya faɗi gaskiya ya tsaya inda ta yi masa daɗi, wa ya cuta? Ya juya tambayar ta kowace fuska, bai ga laifinta ba, bai kuma ji daɗinta ba.

Ran Asabar aka taru a gindin gawo. Malam ya zauna bisa buzu, bai ma buɗe littafin ba.

"Filin nan da kuke jayayya a kai, a littafi sunansa harim," ya ce. "Tushenta ɗaya da haram, da Haramin Makka, da hurumin da kuka sani. Balarabe in ya ce harimin abu, yana nufin filin da abin ba ya amfanuwa sai da shi. Harimin gida shi ne inda indararo ke zuba da inda ake zubar da toka. Harimin dabino, iyakar inda rassansa suka miƙa. Ko wanda ya sayi gida bai sayi ikon toshe wa maƙwabci ƙofa ba."

"To na rijiya fa, Allah gafarta Malam?" in ji mai gari.

"Akwai malaman da suka ce zira'i arba'in."

Hamisu ya saki numfashi. Sule ya sunkuyar da kai, yana zane ƙasa da sandarsa.

"Amma su ɗin ma sun ce in dabba ce ke ja, a ƙara, in igiya ta fi haka a bi igiya. Malamanmu na Malikiyya kuwa ba su yanke adadi ba. Cewa suka yi, abin da ba zai ƙuntata wa mai zuwa shan ruwa ba. Sule, ɗaura wa sanka igiya."

"Malam, gonarka ce fa," in ji Sule.

"Na san ta, ni na shuka ta. Kora shi."

San ya taka a hankali, jama'a na biye, igiya na kuka bisa itacen bakin rijiya. Ya wuce iyaka, ya bi ta kan kunya ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya, sannan guga ya leƙo. Wani ya yi saurin kafa tsinke a gaban kofatonsa.

"Cire," in ji Malam. "Da fiffike zai juyo? Ku bar masa wurin juyawa."

Aka ƙara kunya uku.

Hamisu ya ji kamar ya kama wuyan rigar wansa. Sai ya ga Malam ya durƙusa ya tuge gyaɗa ɗaya, ya tsaya yana duban jijiyarta. Nan ya gane mutumin ya san nauyin abin da ya bayar, ya fi shi sani ma, tun jiya kuma ya sani.

A hanyar gida Malam ya ce, "In aka zo rabon amfani, wannan gefen a nawa kason zai fita. Bakina ne ya faɗa."

"Bakinka ya faɗa, amma rijiyar har 'ya'yana na sha," in ji Hamisu. "Kada ka mai da ni ƙaramin mutum sau biyu a sati ɗaya, Yaya."

Ya shiga gida ya ɗauko adda. Kafin azahar ya sassaro aguwa cike da amalanke, ya shiga dasa shinge a sabuwar iyakar, Sule na haƙa masa ramuka.