Ladan Birki

Sunan karen Birki, amma ko alamar birki babu a jikinsa. Baba ne ya raɗa masa don tsokana, tun yana ɗan kwikwiyo yana bin ƙafarsa a gareji. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, ya tafi da maganarsa da hannunsa na dama, sai aka dawo da karen gida. Ranar farko ya daka tsalle ya faɗa kan ubangidansa don murna, keken guragun da Baba ke kai ya karkata, saura ƙiris ya kife.

"Sati biyu na ba ki, Auta," in ji Mama. "In bai daina tsallen nan ba, a kai shi gonar kawunki."

Baba ya juya fuskarsa bango, kamar yadda yake yi wa mai gashin ƙashi duk ranar da ya roƙe shi ya motsa yatsu. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gani, abin ya tsaya mata a rai.

Likitan dabbobi ya ba ta wani ɗan maɓalli na roba. "Da ya yi daidai ki danna, ƙas, nan take ki ba shi lada. Ladan dai sai kin nemo abin da yake mutuwar so."

Ta fara da nama. Ƙafafu huɗu a ƙasa, ƙas, ga tsoka. Birki ya shinshina, ya dube ta kamar ta miƙa masa sabulu. Biskit ma haka, ƙwallo ma haka. Mama kuwa sai mita take yi, wai naman miyarta ake wa wulaƙanci.

A kwana na shida Auta ta gaji, ta zauna a ƙasa, kuka na neman ƙwace mata. Nan ta ga Birki ya lallaɓa yana cusa kansa ƙarƙashin shanyayyen hannun nan, wanda shekara bakwai yake sosa masa bayan kunne. Ashe ladan yana ɗakin tun farko.

Daga ranar, ƙas, sai ta ɗaga hannun Baba ta ɗora wa Birki a ka. Tsalle ya ragu.

Ranar da wa'adi ya cika, Mama ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannuwa. Birki ya shigo a guje, ya ci birki a gaban keken. Ƙas. Auta tana can bakin taga, kafin ta ƙaraso har ya sa kai ƙarƙashin hannun Baba yana jira. Sai yatsu biyu suka motsa, a hankali, suna rawa, suka sami bayan kunnen.

Mama ta sauke hannuwanta.

"Auta, ɗebo masa naman nan."

"Ba ya so, Mama."

"Na sani. Ki dai ɗebo."